Yadda ake zaɓen unguwa a Zariya kafin a biya kuɗin haya

Duk wanda aiki ko karatu ko aure ya kawo shi Zariya, abin da yake fara yi shi ne kiran dillali ya ce a samo masa ciki da falo mai tayil da banɗaki a ciki, shi kuma dillali ya ɗauke shi a bayan mashin ya kai shi wani gida sabon fenti, a buɗe masa ƙofa ya ga silin yana sheƙi, shikenan sai ya fara tambayar lambar akawun. To dakata tukuna malam. Ɗakin nan idan bai yi maka ba, kafinta da birkila za su gyara shi cikin sati guda, amma layin da gidan yake da ruwan da za ka sha da mutanen da za ka riƙa haɗuwa da su a masallaci kullum babu mai gyara maka su, kuma kuɗin shekara ake biya, mai gida ba ya mayarwa. Don haka unguwa ake fara zaɓa, gida ya biyo baya.

Abu na farko ka gane yadda garin yake a shimfiɗe. Mutane na raina Zariya wai ai ba Kano ba ce ba Kaduna ba, ko ina ka zauna ɗaya ne. Ba haka ba ne sam. Garin a miƙe yake, kuma kowane ɓangare da halinsa. Akwai cikin birni, wato cikin ganuwa inda fadar Sarkin Zazzau take, da su Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana. Ka fito ka shiga Tudun Wada da Gyallesu da Tudun Jukun da Kongo. Sai Sabon Gari wadda ta tashi da zuwan jirgin ƙasa zamanin Turawa, ita ce mai babbar kasuwa da cakuɗuwar ƙabilu, har ƙaramar hukumarta daban da ta Zariya. Daga unguwar PZ ka miƙe Kwangila, ka wuce Palladan inda kwalejin koyon tuƙin jirgin sama take, ka isa Samaru inda Jami'ar Ahmadu Bello ta zauna tun 1962, ka ƙara gaba sai Shika wajen asibitin koyarwa. Ta ɗaya gefen kuma ga Wusasa da Ɗanmagaji. Wanda yake aiki a Shika ya je ya kama gida a Ƙofar Gayan don ya ji da araha, wallahi ya ɗora wa kansa tafiya, safe da yamma sai ya ratsa garin kaf.

Shi ya sa lissafin kuɗin mota ke zuwa kafin na haya. Tunda aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wannan lissafin ya sauya gaba ɗaya, nisan da a da ba a ɗauke shi komai ba yanzu shi ke cinye albashi. Ka ɗauki biro ka yi da kanka. A ce zuwa da dawowa naira 1,000 kake kashewa, kwana 22 na aiki a wata, a shekara ka ba masu keke napep da bas naira 264,000, ban sa na kai yara makaranta ba, ban sa na uwargida in za ta kasuwa ko asibiti ba. Sau da yawa gidan da ya fi tsada kusa da wurin aikinka shi ne mai sauƙin idan aka haɗa komai. Kuma ka duba ko gidan hawa ɗaya ne daga titi, domin akwai unguwannin da in ka sauka daga bas sai ka sake hawa acaɓa ya shiga da kai lungu, da an yi isha'i kuma babu ɗan acaɓar da zai yarda ya shiga sai ka ninka masa.

Yanzu ga maganar da ta fi komai, ruwa. Kada ka tambayi dillali ko akwai ruwa, zai ce maka "ai Alhaji ruwa a nan har ya yi yawa", kuma zai nuna maka kan famfo a tsakar gida. Ganin kan famfo ba ya nufin komai, ka murɗa shi. In ya yi tsatsa ya ƙi juyawa ka san an daɗe ba a ga ɗigo ba. In rijiya ce ka buɗe murfin ka leƙa, ka jefa guga ka ja, ka duba tsawon igiyar da ke ɗaure jikin gugan, igiya mai ƙulli-ƙulli da aka yi ta ƙara mata tsawo tana gaya maka yadda ruwan ke gudu ƙasa idan rani ya yi nisa. Ka shinshina ruwan, sannan ka auna da ido nisan rijiyar da ramin masai ko sokawe, har na maƙwabta ta bayan katanga, don a gidajen haya da aka matse fili za ka tarar taku kaɗan ne tsakaninsu, daga nan taifot ke samo asali kana ta zargin abincin waje.

Waɗanda suka fi kowa sanin gaskiyar ruwan unguwa 'yan garuwa ne. Ka tsaya bakin layi da hantsi ka ƙirga kura nawa ta wuce, in sun yi yawa to unguwar sayen ruwa ake yi, magana ta ƙare. Ka tare ɗaya ka gaishe shi, ka ce sannu da aiki, nawa jarka yanzu, nawa take kaiwa a watan Maris da Afrilu lokacin da rijiyoyi ke ƙafewa, daga wane bohol kuke ɗebowa, in babu wuta mai bohol ɗin yana tada janareto ko sai a jira NEPA. Shi ba shi da la'ada a cinikinka, zai faɗa maka yadda abin yake. Sayen ruwa ba laifi ba ne, rabin gari haka ake rayuwa, amma ka sa shi cikin lissafi tun yanzu, musamman in kana da yara ƙanana da wanki ba ya ƙarewa.

Wuta kuma, tambayar ba ita ce "ana kawowa?" ba, ko ina ana kawowa wani lokaci. Ka tambaya a wane layin wuta unguwar take. Tun watan Afrilun 2024 da aka ƙara kuɗin wuta ga 'yan Band A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, zama a layi mai wuta ya zama abu mai fuska biyu, ga haske ga kuma kati yana ƙarewa da wuri. Ka leƙa shagon mai cajin waya ko mai sayar da ƙanƙara ko tela a layin, su za su gaya maka ko taransifoma na yawan lalacewa, da wata nawa aka yi a duhu karon ƙarshe, da ko gida-gida aka bi ana karɓar kuɗin gyara. Sannan a cikin gidan ka ga mita da idonka. In ta kati ce kuma taka ce kai kaɗai, alhamdulillahi. In mita ɗaya ce gidan mutum takwas, ka shirya wa rigimar wane yana da hita wane yana da firiza. In kuwa bil ake kawowa, a nuna maka na ƙarshe kafin ka biya ko kwabo, kada ka gaji bashin wanda ya tashi.

Lokacin da ya fi dacewa a duba unguwa shi ne watan Agusta, tsakiyar damina, washegarin an tafka ruwa. Da rani kowane layi tsaf yake. In ba ka da halin jiran damina, to ƙasa da bango za su ba ka labari. Ka duba gindin katangu, in ka ga wani zane mai duhu ko kore-kore ya bi bango har gwiwa, iyakar da ruwa ya kai ke nan. Ka duba ƙofofin maƙwabta, in kowa ya ɗaga dokin ƙofarsa da bulo biyu ko ya jera buhunan yashi, ba ado suke yi ba. Ka bi kwata da ido ka ga ina take zubawa, ko a cushe take da leda. Unguwannin da suka matso rafin Kubanni da duk wani fili da a da fadama ce aka cike aka yanka filoti, a nan za ka sami gida mai kyau da araha mai ban mamaki, kuma arahar tana da dalili. Ga sauro ga danshin da ke cin fenti da katifa.

Je ka sau biyu aƙalla, ɗaya da rana ɗaya bayan magariba, kuma na biyun ba tare da dillali ba. Ka yi sallah a masallacin layin, ka zauna teburin mai shayi ka sa a haɗa maka, ka kasa kunne kawai. Unguwa da dare wata aba ce daban. Nan za ka ga ko akwai kangon da matasa ke taruwa ana busa hayaƙi, ko akwai gidan kallon ƙwallo jikin tagar ɗakin da za ka kwana, ko injin niƙa ne a bayan katanga wanda zai tashe ka kullum da sassafe. Ka tambaya ko akwai 'yan sintiri, nawa kowane gida ke bayarwa a wata, ƙarfe nawa ake rufe get ɗin layi in akwai. Maganar tsaro ba ta wasa ba ce a bakin gari, kowa ya tuna yadda 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Nuhu Bamalli a 2021 suka ɗauki mutane. Sababbin unguwannin da gidaje ke tsilla-tsilla, bayanka gona gabanka kango, suna da iska da fili da kwanciyar hankali da rana, amma ni dai ba zan ba baƙon da bai san gari ba shawarar ya fara da can ba. Ka fara zama cikin mutane shekara guda, in ka san gari sai ka matsa.

Sai kuma dacewa da mutanen wurin, wannan kowa ya san kansa. Cikin birni yawanci gidajen gado ne, kowa ya san kakan kowa, akwai mutunci da taimakon juna, in matarka ta haihu ko aka yi maka rasuwa ba za ka rasa mutane ba, amma fa ido na kanka, ana sane da lokacin fitarka da na dawowarka da irin baƙin da kake yi. Samaru gari ne na ɗalibai da ma'aikatan jami'a, babu ruwan wani da wani sosai, sai dai haya na tashi lokacin da ake komawa makaranta saboda kowa ɗaki yake nema. Sabon Gari akwai harka da hayaniya, ɗan kasuwa zai ji daɗinta, mai son barcin rana zai sha wuya. Wusasa tun zamanin 'yan mishan Musulmi da Kirista ke zaune tare, ga asibitin St Luke's a kusa. GRA kuwa sai mai hali. In kai gwauro ne ka faɗa tun farko, don akwai masu gidan da ba sa ba marar aure haya a gidan iyali, kada sai ka biya a zo ana ja-in-ja. Ke ma 'yar'uwa da aiki ya kawo ki ke kaɗai, gara ki sa wani babba naki ya raka ki wurin mai gidan, yana rage surutu ba kaɗan ba.

Mai iyali ya bar uwargida ta je ta gani kafin a biya, ita ce za ta wuni a gidan. Ita za ta lura da abin da kai ba za ka gani ba, wurin shanya, inda ake zubar da shara, ko maƙwabta na leƙo tsakar gida daga bene, nisan Islamiyya da ko sai yara sun tsallaka babban titi kafin su je makaranta. Mintoci kaɗan za ta yi da matan gidan kusa ta dawo maka da tarihin mai gidan da dalilin tashin wanda ya fita. Sabis ɗin waya ma ka gwada shi a cikin ɗaki, ba a ƙofar gida ba.

In komai ya yi maka, kafin kuɗi su fita ka sa a kai ka gaida mai unguwa. Ka je da ɗan goronka, ka ce ranka ya daɗe ni baƙo ne, sunana wane, aiki kaza nake yi, ina so in kama gidan wane. A nan za ka ji in gidan na rigimar gado ne, ko wanda ya karɓi kuɗinka ma ba shi da hurumin bayarwa, abin da ke faruwa fiye da yadda ake zato, ɗa ɗaya ya ba da haya sauran magada su zo da sammaci. La'adar dillali yawanci kashi 10 cikin 100 ce, a yi maganarta a fili tun kafin a fara yawo. Kuɗin haya kuma a hannun mai gida ko wakilinsa da aka tabbatar, a rubuta takarda da shaidu, a sa ranar shiga da ranar ƙarewa, a rubuta gyaran da ya ce zai yi da wanda zai biya kuɗin kwashe sokawe in ta cika. In saye za ka yi ba haya ba, wannan sai ka haɗa da zuwa KADGIS, hukumar kula da filaye ta Jihar Kaduna, a duba maka takardun filin kafin ka miƙa ko da kafin alƙalami ne.