Yadda Ake Karanta Tarihin Duniyar Mars Daga Duwatsunta

Duk wanda yake son gane abin da ya faru a duniyar Mars, sai ya fara da kawar da kai daga jan launinta. Jan nan ƙura ce mai tsatsar ƙarfe wadda iska ta baza ko'ina, amma dutsen da ta lulluɓe baƙi-baƙi ne, irin wanda ake kira basalt, wato narkakken dutsen aman wuta da ya daskare. Lokacin da motar bincike ta Curiosity ta huda dutse karon farko a 2013, garin da ya fito ruwan toka ne, ba ja ba.

Bayan haka sai ka nemi shekarun wurin da kake dubawa. Ka ɗauki hoton da kumbo ya ɗauko daga sama, ka ƙirga ramukan da duwatsun sararin samaniya suka haƙa, domin gwargwadon daɗewar wuri gwargwadon ramukan da yake tarawa. Inda ramuka suka yi yawa har suna hawa kan juna, kamar tsaunukan kudancin Mars, wurin tsoho ne, galibi ya haura shekara biliyan 3.7. Shimfiɗaɗɗun filayen arewa masu ƙarancin ramuka kuwa daga baya aka shafe su.

Babban aikin yana wajen ma'adinai, kuma tambaya ɗaya za ka riƙa yi wa kowanne: wane irin ruwa ne ya taɓa shi? Idan ka tarar da olibin, wani koren ma'adini da ruwa ke saurin cinyewa, yana nan lafiya lau, to ruwa bai daɗe a wurin ba. Idan yumɓu ka gani, labari ya sauya, domin yumɓu ba ya samuwa sai ruwa ya jima yana jiƙa dutse, kuma galibi ruwa ne marar tsami sosai, irin wanda rai zai iya zama a cikinsa. Gishirin salfet kuma alama ce ta ruwan da ke ƙafewa. A filin Meridiani, inda motar Opportunity ta sauka a Janairun 2004, an samu jarosait, wanda ba ya fitowa sai a ruwa mai tsananin tsami, tare da wasu 'yan dunƙule-dunƙulen hematait, wani ma'adinin tsatsar ƙarfe, da faɗinsu bai wuce 'yan milimita ba, wasu a maƙale cikin dutse, wasu sun zube birjik a ƙasa bayan iska ta cinye dutsen da ya riƙe su. A ganina babu shaidar da ta kai waɗannan 'yan ƙwayoyi daɗin dubawa, domin a cikin dutse mai jiƙe da ruwan ƙarƙashin ƙasa suka taru sannu a hankali.

Sai ka jera abin da ka samu bisa tsari. A 2006 masu aiki da na'urar OMEGA mai gano ma'adinai daga sama da ke kan kumbon Mars Express suka nuna cewa yumɓu ya fi yawa a tsofaffin wurare, salfet ya biyo baya, sannan aka shiga dogon zamanin bushewa da tsatsa, wanda har yau ake cikinsa. Kada ka ɗauki wannan a matsayin doka marar togiya, kuma ka tuna cewa na'urar da ke sama fatar dutse kawai take gani, ƙura kaɗan ta isa ta ɓoye mata abin da ke ƙasa.

Wurin da ya fi dacewa ka gwada wannan karatu shi ne ramin Gale, inda Curiosity ta sauka a Agustan 2012. A tsakiyarsa akwai tsauni mai tsayin kusan kilomita 5 wanda ya ginu hawa-hawa, na ƙasa ne mafi tsufa. Ka fara daga gindinsa, inda daskararriyar lakar tsohon tafki da yumɓu suke, ka bi sawun motar zuwa sama, ka lura da inda yumɓun ya fara raguwa salfet yana karɓar wurinsa.