Yadda Malami Zai Koyar Da Ɗalibai Ta Gajerun Saƙonnin Waya

Malamin da ke shirya ɗalibai domin jarrabawar WAEC ko JAMB a Katsina zai iya ci gaba da karatu da su bayan an tashi daga makaranta, matuƙar ya san yadda ake daddatsa darasi ya shiga saƙo guda.

Da farko, ka zaɓi kafar da ɗalibanka suke buɗewa kullum, ba wadda ta burge ka ba. Ga mafi yawansu WhatsApp ce, don haka sai ka buɗe zaure na darasi kawai, ka nemi amincewar iyaye, ka hana turo abin da ba karatu ba. Idan kuwa X, wato tsohuwar Twitter, ka zaɓa, ka sani tun 2017 haruffa 280 ne iyakar saƙon asusu na gama-gari.

Mataki na biyu shi ne mafi wuya, wato kowane saƙo ya ɗauki magana ɗaya tak. A ce tarihin Daura kake koyarwa: ranar Litinin ka kawo rijiyar Kusugu da labarin macijiyar da Bayajidda ya kashe, Talata ka yi bayanin sarauniya Daurama, Laraba kuma ka jero Hausa Bakwai, wato Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram. Wanda ya cusa dukkan wannan cikin dogon rubutu guda, sai ya tarar an wuce shi ba a karanta ba.

Sannan ka rufe kowane saƙo da tambaya, kuma kada ka yi gaggawar bayar da amsa. Ka bar su su kwana suna lalube, domin abin da ɗalibi ya wahala kafin ya tuno ya fi zama a kansa. Bayan sallar Isha'i lokaci ne mai kyau na turawa, kuma rubutu ko gajeriyar murya sun fi bidiyo sauƙin data.

Ka kula da ƙa'idar rubutu, musamman haruffa masu lanƙwasa, tunda "kafa" daban, "ƙafa" daban; Gboard, manhajar rubutu a waya, na da madannin Hausa. Kada ka dogara da sitatus, domin yana gogewa bayan awa 24.

Idan mako ya ƙare, ka tattara tambayoyin da aka fi faɗuwa a kansu, ka shiga aji da su ranar Litinin ka warware su a kan allo.