Yadda ake kwatanta aikin 'yan sa'o'i tsakanin ƙasashe daga shekara zuwa shekara

Ɗalibin Jami'ar Legas da ke rubuta kundin kammala karatu, ko ɗan jaridar da ke son nuna yadda aikin 'yan sa'o'i ke ƙaruwa a duniya, abu ɗaya ke yawan kayar da su: jera alƙaluman ƙasashe biyu ba tare da duba mudun da kowacce ta auna da shi ba.

Don haka fara da tambayar awa nawa ake nufi. Ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki da ci gaba ta ƙasashe, wato OECD, tana ƙirga wanda ya saba yin ƙasa da awa 30 a mako a babban aikinsa. Amurka ta ja layinta a awa 35. Hukumar ƙididdiga ta Tarayyar Turai, wato Eurostat, kuwa, a yawancin ƙasashe ma'aikacin ake tambaya, abin da ya faɗa shi ake rubutawa. Ke nan mai yin awa 32 a mako, a lissafin Amurka aikinsa bai cika ba, a na OECD ya cika. Lura da batun babban aikin nan ma. Maigadi a Agege da ke kwana a bakin get, da rana kuma yana tsaron ɗan shagonsa, sakamakonsa zai bambanta idan aiki ɗaya aka ƙirga masa ko duka biyun.

Na biyu, tsaya a rumbun bayanai guda. Akwai ILOSTAT na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, akwai na OECD, akwai na Bankin Duniya. Zaɓi ɗaya, ka sauke shekarun da kake so zuwa Excel. Ɗauki kaso cikin ɗari na masu aiki, ba yawan mutane ba, kuma ka tabbatar shekarun haihuwar sun zo ɗaya, domin Amurka daga ɗan shekara 16 take farawa, Eurostat kuma takan kawo na 'yan 20 zuwa 64.

Mataki na uku shi ne mai wuyar: nemo shekarar da aka sauya hanyar ƙidaya. Misalin yana gida Najeriya. A tsohon tsarin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, wanda bai kai awa 20 a mako ba marar aiki ne, mai awa 20 zuwa 39 yana cikin waɗanda aikinsu bai ishe su ba, sai mai awa 40 ake kira cikakken ma'aikaci. Da wannan aka samu rashin aikin yi na kashi 33.3 a ƙarshen 2020. A 2023 hukumar ta koma tsarin ƙasa da ƙasa, inda awa ɗaya tak ta aikin samun kuɗi a mako ta isa a kira mutum mai aiki. Sai ga kashi 4.1 a rubu'in farko na shekarar. Masana'antu ba su tsiro dare ɗaya ba. Mutanen da a da ake kira marasa aiki ne suka koma layin masu aiki, da 'yan sa'o'insu. Duk wanda ya haɗa 2020 da 2023 da layi ɗaya a jadawali, ya yaudari mai karatu ko da bai yi niyya ba. Turai ma ta sabunta bincikenta na ƙwadago a 2021, kuma Eurostat na sa harafin b a gefen irin waɗannan alƙaluma. Inda ka gan shi, katse layinka a nan.

Daga nan sai ka rarrabe: maza daban, mata daban, waɗanda suka zaɓa daban, waɗanda dole ta sa su daban. Holan ce kan gaba a Tarayyar Turai wajen aikin 'yan sa'o'i, galibinsu mata ne, kuma yawanci da son ransu, ga haƙƙoƙin da doka ta tsare musu. Sifaniya da Girka kuwa, bayan rikicin tattalin arziki na 2008, masu yinsa don rashin cikakken aiki ne suka yawaita. Yanzu ka dubi ɗan dako a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Da asuba ya sauke kwandunan tumatir daga mota, kafin hantsi kaya sun ƙare, sauran yinin yana zaune kan buhu yana jiran wata motar da ba lallai ta iso ba. A takarda awowinsa na iya zuwa ɗaya da na ma'aikaciyar banki a Amsterdam, babban birnin Holan. A ganina, don kwatanta Najeriya da irin waɗannan ƙasashe, alƙaluman masu neman ƙarin sa'o'i sun fi faɗin gaskiya.

Kula da yanayin shekara. Ɗan ci-rani da ke gona da damina yana Legas da rani, don haka ka kwatanta rubu'i da irinsa na bara, ko ka ɗauki matsakaicin shekara. Shekarar 2020 kuma korona ta hargitsa ta, kada ka mai da ita mafarin lissafi.

Idan ka zana jadawalin, ƙasashe uku ko huɗu sun isa. A ƙarƙashinsa rubuta inda ka samo alƙaluman, iyakar awannin da aka yi amfani da ita, shekarun haihuwar da aka ƙirga, da shekarar da layin kowace ƙasa ya katse.