Babi na 6: Cutar Ɗigon Ganyen Gyaɗa

Darasi na 1: Juya ganye

Ɗalibi, idan gyaɗarka ta yi wata guda da shuka, je gona da safe. Tsuguna. Tsinko ganye daga ƙasan tsiro, kusa da gindi, don can cutar take farawa. Yanzu juya shi. Dubi bayansa.

In ka ga ɗigo ruwan ƙasa da zobe ruwan ɗorawa kewaye da shi, nau'in cutar da ake kira ɗigon farko ke nan. In baƙi ne ƙirin a bayan ganye, nau'in da ake kira ɗigon ƙarshe ne. Duka biyun fumfuna ce ke kawo su, damina mai laima kuma ita ce lokacinsu.

Mutane da yawa suna cewa ɗigo alamar nuna ce. A'a, ciwo ne. Ganye zai kakkaɓe, ƙwaya ba za ta cika ba, harawar dabbobi ma ta tafi. Kada ka damu in ba ka gane ba karon farko, sannu a hankali ido zai saba. Ka dai juya ganye. Gobe ma ka juya.

Darasi na 2: Feshi

Maganin ƙwari ba ya kashe fumfuna. A shago ka ce Mancozeb, maganin fumfuna, gari ne ruwan ɗorawa. Awon yana rubuce a jikin leda. In karatun ya yi wuya, kai wa malamin gona ya karanta maka, ba abin kunya ba ne.

Dama garin a bokiti da sanda, kada ka sa hannu, sannan ka zuba a injin feshi. Rufe hanci da baki, sa takalmi.

To, bakin injin ya leƙa ƙarƙashin ganye. Ƙarƙashi na ce! Kullum sai in tarar an jiƙa sama, bayan ganye a bushe, a dawo ana cewa magani jabu ne. Haba jama'a, ina muka ga baƙin ɗigon? A bayan ganye. Can maganin zai je. Kada ka yi feshi hadari na haɗuwa. Bayan kwana 14 ka sake, ƙarƙashin ganye dai.

Darasi na 3: Iri

Gauraya iri da maganin iri mai suna Apron Star kafin shuka. Irin da aka sa wa magani ba na ci ba ne, a nisanta shi da yara.

Darasi na 4: Baɗi

Inda gyaɗa ta zauna bana, shuka gero ko dawa.