Yadda nake bi kafin in kira fangas ɗin ganyen turare da suna

Duk wanda ya kawo mini ganyen bishiyar turare mai tabo, tambayarsa ɗaya ce: wane fangas ne wannan, wato wace irin funfuna ce ta kawo tabon? Kuma so yake ya ji amsa kafin ya tashi daga kujera. Ni kuwa na daina ba da amsa a ranar. A farkon aikina na taɓa kankare wani tabo mai ruwan ƙasa, na ga ƙwayoyin iri masu gashi a ka, na rubuta sunan fangas ɗin Pestalotiopsis ina ta murna. Yana wurin kam, amma ba shi ya yi ɓarnar ba, mushe ya tarar ya zauna a kai. Mai laifin yana ƙarƙashi, sai bayan makonni ya nuna kansa. Tabo guda yakan ɗauki fangas biyu ko uku, kuma mai saurin tsiro shi ne yawanci ɗan cin arziki.

Aikin daga gindin bishiya yake farawa. Turare, wato Eucalyptus, ya haura nau'i 700, kusan duk asalinsu Ostareliya, saboda haka ka fara sanin wanne ne a gabanka. Ka rubuta ko ganyen na ƙuruciya ne ko na girma, domin a wasu nau'o'in, kamar Eucalyptus globulus, sun bambanta har ka rantse ba bishiya ɗaya ba ce, kuma akwai fangas da ganyen ƙuruciya ya fi so. Ka ɗebi tabo sabo da tsoho, ka ɗauki hoton ciki da bayan ganyen, ka sa a ambulan ta takarda. Kada ka sa a leda. Kwana ɗaya a leda ya isa funfuna ta rufe komai. Rabin abin da ka ɗebo ka danne shi cikin jarida ya bushe, wata rana shi ne shaidarka.

Sai gilashin ƙara girma na hannu. Abin nema shi ne ƴan baƙaƙen ɗigo a cikin tabon, su ne buhunan da iri ke ciki. A wane gefe suke? Teratosphaeria nubilosa yakan jera nasa a bayan ganye, galibi ganyen ƙuruciya na E. globulus da E. nitens. Teratosphaeria cryptica kuwa ciki da baya yake zubawa, bai kuma bar ganyen girma ba. In ka ga ƙananan tabo masu ruwan shanshanbale a tsofaffin ganye na ƙasa, bayansu kamar an shafa kunkunniya, ka yi zargin Teratosphaeria epicoccoides. Manyan ƙuna da ke cin rabin ganye lokacin zafi da laima suna nuna Calonectria. Garin rawaya a sabon toho kuma tsatsa ce, hanyarta daban. Duk wannan zargi ne kawai, da fensir nake rubuta shi.

Wurin da nake ɓata lokaci shi ne raba ƙwayar iri guda ɗaya tak, domin in ba a yi wannan ba duk abin da zai biyo baya gini ne a kan yashi. Ga yadda nake yi. Nakan yanko tabon in jiƙa a ruwa mai tsabta kamar awa 2. Sai in manna shi a cikin murfin farantin Petri, wato ɗan faranti mai murfi da ake rainon fangas a ciki, gefen mai ɗigo yana kallon abincin aga, wato daskararren abincin fangas, mai kashi 2 cikin 100 na ruwan tsiron sha'ir. Buhunan da suka sha ruwa da kansu suke harbo iri, ya faɗa kan abincin, ya bar ƙazantar ganyen a baya. Bayan awa 24 sai in kai farantin ƙarƙashin madubin likita. Kafin in taɓa komai nakan zana yadda irin ya tsiro: ta baki ɗaya ko ta biyu, a miƙe ko a karkace, ya kumbura ko ya yi duhu. Na T. nubilosa ta bakuna biyu yake fitowa, yana bin tsawon ƙwayar. Na T. cryptica ta gefe ɗaya yake fitowa a gicciye. Awa 24 ɗin nan ba wasa ba ce, in ka bari ya kwana biyu zaren ya harɗe, ka rasa wannan alama. Daga nan sai in sa siririyar allura in ɗauke ƙwaya guda zuwa sabon faranti.

Waɗanda ba sa harbi, irin Calonectria, ganyen ake ajiyewa cikin kwano mai danshi kwana biyu zuwa uku, a tsinci irin da bakin allura, a shafa a faranti, a ware guda. Calonectria cikin mako guda ya kusa cika faranti. Teratosphaeria kuwa sai haƙuri, wata guda a ɗumi mai maki 25 wani ko faɗin farce bai kai ba. Kada ka zubar da faranti don ka ga shiru.

A madubi, nakan ɗora samfurin cikin ɗigon asid na laktik, in auna aƙalla ƙwaya 30 da ninki 1000. Tsawo, faɗi, yawan ɗakuna, launi, santsi ko kaushi. A Calonectria ka dubi kumburin da ke ƙarshen dogon zare: kamar ƙwallo yake, ko kulki, ko mashi.

Amma kama da wane ba ta wane. Shekara da shekaru fangas irin su nubilosa da cryptica Mycosphaerella ake kiransu, don surarsu ɗaya da ta ƴan wancan gida. A 2007 Pedro Crous da abokan aikinsa suka nuna da gwajin DNA cewa ba gida ɗaya suka fito ba, aka ware dangin Teratosphaeriaceae, a shekarar kuma nubilosa da cryptica suka koma gidan Teratosphaeria. Don haka yau ba a tsallake DNA. Ka fara da yankin DNA da ake kira ITS, wanda aka amince da shi a 2012 a matsayin lambar shaidar fangas. Zai kai ka gidan, amma sau da yawa ba zai nuna maka ɗakin ba. A Calonectria musamman sai ka ƙara wasu yankunan DNA, wato tef1 da tub2 da his3 da cmdA.

Ga tarkon da ya fi kama ɗalibai. Ka sa jerin DNA ɗin da ka samu a GenBank, wato rumbun jerin DNA na intanet, ya ce ya dace ɗari bisa ɗari da wane, ka kwafi sunan. To wa ya sa wa wancan suna? Wataƙila wani ne mai gaggawa irina a farkon aiki. Ka nemi jerin da aka ciro daga samfurin asali, wato wanda aka kafa sunan a kansa. Da yawansu suna da lambar CBS, ta Cibiyar Westerdijk da ke Utrecht a Holan. Da su za ka gina bishiyar dangantaka ka ga inda naka ya zauna.

Sauran rikicin na suna ne. A da, fangas guda yana iya ɗaukar suna biyu, ɗaya na yanayin da yake haihuwa ta barbara, ɗaya na yanayin da yake yaɗuwa ba barbara. Taron masana tsirrai na Melbon a 2011 ya soke wannan, aka koma fangas ɗaya suna ɗaya. Shi ya sa Cylindrocladium ya zama Calonectria. Wanda aka fara bayyanawa daga Sumatra ta Indonesiya a 1996 da sunan Kirramyces destructans ya bi ta Phaeophleospora kafin ya zauna a Teratosphaeria destructans. Nakan duba MycoBank da Index Fungorum, wato rumbunan sunayen fangas na intanet, in tattara tsofaffin sunaye, in ba haka ba rabin rubuce-rubucen da aka yi a kansa za su wuce ni.

In kuwa naka ya ware reshensa shi kaɗai a yankunan DNA fiye da ɗaya, kuma kana da raino, wato fangas ɗin da ka tsirar a faranti, sama da guda da suka yarda da juna, to kana iya tunanin sabon suna. Za ka ajiye busasshen samfuri a ma'ajiya sananniya, ka kai rayayyen raino ma'ajiya biyu, ka rubuta bayani da Latin ko Turanci, ka kuma karɓi lambar rajista, wadda ta zama dole tun 1 ga Janairu 2013. Sai dai suna bai tabbatar da laifi ba. Wannan sai ka fesa irin a lafiyayyen dashe, tabon ya sake fitowa, ka sake ciro shi ɗin dai daga ciki. Kafin a kai nan, abin da nake rubutawa a rahoto shi ne sunan gidan kawai, in biyo shi da sp., wato ba a tantance nau'in ba, in ƙara cewa an same shi a kan tabon.