Ga masu tafiya Japan: ƙasar can tana motsi

Jiya bayan la'asar, a dandalin garinmu nan ƙasar Auyo, samari biyu da suka samu gurbin karatun noman shinkafa a Japan suka zauna suna tambayata batun sanyi, da kuɗin haya, da inda ake samun naman halal. Babu wanda ya tambayi girgizar ƙasa. Ban ga laifinsu ba, don ko ɗan motsin da aka ji a Mpape ta Abuja a 2018, mu a rediyo muka ji shi. Na yi shekara uku a Koci, a bakin tekun tsibirin Shikoku, kuma ƙannena, wannan shi ne abin da na so a ce an gaya mini tun kafin in hau jirgi.

Ɓawon duniya ba guda ɗaya ba ne. Ku ɗauke shi kamar fasasshiyar ƙwarya da aka jera sakainunta. Mu muna zaune a tsakiyar sakainar Afirka, nesa da baki, shi ya sa muke barci lafiya. Japan kuwa tana wurin da sakaina huɗu suka haɗu. A kudu da Koci, wadda ke ƙarƙashin teku tana cusa kai ƙarƙashin wadda mutane ke zaune a kai, 'yan santimita kaɗan a shekara, kamar tsiron farce. Ba ta shiga salin-alin. Tana maƙalewa, ta riƙa tanƙwaro bakin ta sama kamar reshen da yaro ya janyo. Ranar da reshen ya kuɓuce, ƙasa ta girgiza, ƙasan teku ya yi tsalle ya ɗaga ruwan da ke kansa. Wannan ruwan ne tsunami. Ramin ƙasan teku da ke mahaɗar sakainun nan biyu, wanda ake kira Nankai, ya yi haka a 1707, da 1854, da 1944, da 1946, kuma mutanen wurin suna zaman jiran na gaba ne.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗabi'ar da muka tashi da ita, domin a can tana iya halaka mutum. A nan, da damina in ɗakin ƙasa ya fara zubar da ɓurɓushi, waje ake yi da gudu. Haka na yi daren farko da gadona ya motsa, na sauko bene ba takalmi, maƙwabciyata tsohuwa ta yi mini faɗa sosai. A waje gilasai da tayil na rufi ke faɗowa. Wayarku za ta yi wani ƙara mai tayar da hankali, wani lokaci daƙiƙa kaɗan kafin motsin ya iso. Ku durƙusa, ku shige ƙarƙashin tebur, ku riƙe ƙafarsa, ku kare kai har ya lafa. Kada ku ruga kashe murhu. Mitar gas ɗinsu tana yanke kanta in girgiza ta yi ƙarfi.

Sai abu na biyu, wanda ya fi wuya. Mun san ambaliya. A 2022 kogin Haɗeja ya cinye gonaki da gidaje, amma ya ba mu kwanaki: aka kwashe hatsi, aka kora awaki tudu, aka koma aka ɗauko tsofaffi. Tsunami mintoci take bayarwa. In kuna kusa da teku, girgiza ta yi ƙarfi ko ta daɗe ba ta tsaya ba, kada ku jira sanarwa. Ku nufi tudu a ƙafa, ko hasumiyar tsira, ko saman dogon bene mai koren allo da hoton mutum yana gudu daga igiyar ruwa. Mota tana maƙalewa a cunkoso. Kada ku koma ɗauko fasfo, kuma kada ku sauko don igiyar farko ta wuce, ta bayanta tana iya finta girma.

Ranar 11 ga Maris 2011, girgiza mai ƙarfin maki 9 ta afka wa yankin Tohoku. Mutum fiye da 18,000 suka rasu ko suka ɓace, kuma mafi yawansu ruwa ne ya ci su, ba gini ba. A garin Kamaishi kusan duk 'yan makaranta sun tsira, saboda an koya musu kowa ya ruga tudu kada ya tsaya neman wani. Kunnen Bahaushe ba ya son jin wannan, ni ma na daɗe ina ƙinsa. Daga baya na gane alkawari ne ake ƙullawa tun da wuri: ni zan gudu, kai ma ka gudu, mu haɗu a wuri kaza. Ku ƙulla shi da abokan zamanku a makon farko.

Wajen kama haya, ku tambayi shekarar ginin. An tsaurara dokar gini a watan Yunin 1981, don haka arhar gidan da ya girme ta ba riba ba ce. Ranar da kuka je rajistar adireshi a ofishin birni, ku karɓi taswirar haɗari, mai nuna inda ruwa zai iya kaiwa da wuraren tsira, sannan ku taka hanyar tudun da ƙafarku, har da dare. Kada ku kwanta kusa da doguwar durowa da ba a ɗaure ta da bango ba.

Ku ajiye jaka a bakin ƙofa: tocila, ƙaramar rediyo, magani, kwafin takardu, kuɗi a hannu. A ɗaki ku tanadi ruwa lita uku ga kowane mutum a rana, na kwana uku. Ku sa dabino da kifin gwangwani, domin abincin da ake rabawa a mafaka yana iya ƙunsar alade. Lambar motar asibiti da 'yan kwana-kwana 119 ce.

Kafin ku tafi, ku zauna da Inna da Baba ku gaya musu cewa bayan babbar girgiza waya takan ƙi shiga na tsawon lokaci, shirunku ba ya nufin wani abu ya same ku. Ku zaɓi mutum ɗaya a gida mai WhatsApp wanda za ku fara tura wa saƙo, shi kuma ya zagaya ya sanar da sauran.