Yadda ake rainon ƙaramin hanji a faranti don binciken kansa da garkuwar jiki

Abin nan da 'yan lab ke kira oganoyid ba tsafi ba ne fa, ɗan mitsitsin kwafin wani sashen jiki ne, a nan hanji, kake raino a faranti. Toshiro Sato ne ya fara haɗa na hanji a 2009, a lab ɗin Hans Clevers da ke Utrecht a ƙasar Holan, da hanjin ɓera.

Da farko ka tsaga hanjin a tsaye, ka wanke da ruwan PBS (ruwan gishirin lab) mai sanyi har ruwan ya fito tas, ka yayyanka ƙanana ka jiƙa a EDTA (sinadarin da ke sassauta mannewar ƙwayoyi) kamar minti 30 a kan ƙanƙara, sannan ka girgiza da kyau. 'Yan ramukan da ke bangon hanji kake so su zubo, don a gindinsu ne uwayen ƙwayoyin halitta masu alamar Lgr5 suke zaune. Ka tace da matata mai ƙofofin maikiron 70 (maikiron dubu ne milimita ɗaya).

Sai Matrigel, wato jel ɗin da ƙwayoyin ke girma a ciki, kuma nan ne sabon shiga ke shan wahala. Shi akasin man shanu ne, a sanyi yake ruwa, da ya ji ɗumi sai ya daskare, so kar ya bar kan ƙanƙara, in ka tsaya surutu zai kame maka a bakin fifet (bututun ɗiban ruwa) kuma abin ga tsada. Ka cakuɗa ramukan a ciki, ka ɗiga a faranti, ka sa a inkubeta mai digiri 37 da CO2 kashi 5 ya kama, sannan ka zuba ruwan abincinsu mai sinadaran sa girma, EGF, Noggin da R-spondin. Canjin ruwan abincin duk kwana 2 ko 3, raba oganoyid ɗin zuwa sabon faranti duk sati.

In naman kansar hanjin mutum ne, da izinin mara lafiya, akwai wata dabara da take burge ni: ka hana ƙwayoyin Wnt, sinadarin da ke ba su umarnin hayayyafa. Lafiyayyun ƙwayoyi ba sa rayuwa babu shi, yawancin na kansa kuwa da ƙwayar gadonsu mai suna APC ta lalace ko a jikinsu.

Amma fa oganoyid bango ne kawai, babu sojojin garkuwa a ciki, kai za ka kawo su. Ka ware fararen ƙwayoyi daga jinin shi wannan mara lafiyan, ba na wani ba, ka haɗa su da oganoyid ɗin kansar kamar sati 2 yadda masu bincike a Amsterdam suka yi a 2018, sai ka duba ko ƙwayoyin T, wani rukuni na sojojin garkuwar, sun fara kashe na kansar sun ƙyale lafiyayyun.